Muryar Ɗan Fari a Ƙwaƙwalwar Waya

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Nakan fara, in cika rabin shafi, sai in ajiye. Wani lokaci ƙarancin karatuna ne ke hana ni, don firamare kaɗai na gama, kuma ina jin nauyin tsayawa gaban masu ilimi ina bayani. Amma babban abin da ya riƙe hannuna shi ne maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai wata dattijuwa a cikinta wadda ta yi rayuwarta tana ɓoye abin da zan faɗa. Sai da 'yarta ta ce in rubuta, muddin ban ambaci sunan kowa ba, sannan na samu ƙarfin hali.

Gyaran waya nake yi a Kazaure, a wani ɗan shago da ke jingine da na wani tela. A Kano na koyi aikin, wajen wani maigida mai haƙuri. Canza gilashi da gyaran wurin caji ba su taɓa ba ni tsoro ba. Abin da har yau nake yi gabana na faɗuwa shi ne filashin.

Ga wanda bai sani ba, a cikin kowace waya akwai wani ɗan baƙin abu manne a jikin allonta, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Muna ce masa ƙwaƙwalwa. A cikinsa aka rubuta duk abin da ke sa waya ta san kanta: yadda za ta kunnu, yaren da za ta nuna, abin da za ta yi idan an danna nan ko can. A nan kuma take ajiye lambobi da saƙonni, da duk abin da aka ɗauka, idan mai ita bai sa mata memori ba. In wannan rubutu ya rikice, sai waya ta kawo haske ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Maganinta shi ne a haɗa ta da kwamfuta da kebul, a buɗe manhajar aikin, a share tsohon rubutun, a zuba sabo. Shi ne filashin.

Manhajar da Turanci take, ni kuwa Turancina bai taka kara ya karya ba. Da ido na haddace ta. Na san madannin da ke kwafo abin da ke cikin waya, na san wanda ke zubawa, na san wanda ke sharewa, kowanne da wurinsa da launinsa. Duk da haka ban taɓa dannawa ba sai na sa yatsa a kan gilashin kwamfutar na sake dubawa. Idan aka fara zubawa, wani zare mai launi yakan taso daga hagu yana tafiya dama. Kafin ya kai ƙarshe wayar ba ta da tsohon hankalinta, sabon kuma bai gama shiga ba. In aka ɗauke wuta a wannan tsakanin, ko kebul ya motsa, tana iya mutuwa mutuwar da ba ta tashi. Haka kuma in ka zuba mata fayil ɗin da ba nata ba. Wayoyi biyu sukan zo da jiki iri ɗaya, suna iri ɗaya, ka buɗe ka tarar ƙwaƙwalwarsu daban. Ko da komai ya tafi daidai, abin da mai waya ya ajiye a ciki ya tafi ke nan.

Saboda haka na ɗora wa kaina ƙa'ida. Ba na yi wa kowa filashin sai na faɗa masa a gaban shaida cewa komai zai goge, ya kuma amsa da bakinsa. Shaidata kullum telan nan ne, tunda ƙofarmu kusan ɗaya ce. Sannan kafin in share, nakan kwafo duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar in ajiye a kwamfuta, ko da mai waya ya ce ba ya so. Wannan kan ci lokaci, kuma yawancin abokan sana'ata ba sa yi wa ƙananan wayoyi haka. Telan yakan ce ina filashin kamar mai wankan gawa. Babarbare ne, bakinsa ba ya hutawa, amma mutumin kirki ne.

Wata ranar kasuwa, wajen ƙarshen damina, ɗan acaɓa ya sauke wata dattijuwar Bafulatana a ƙofar shagona. Doguwa ce siririya, ta manyanta amma ba ta ranƙwafa ba. Ta ce daga wata ruga take a bayan Gwiwa, ta kai wayarta Roni aka ce ta kawo Kazaure wajen masu kwamfuta. A kan bencin ƙofar akwai maza zaune suna jiran ɗinki da caji. Ta gaishe su, ta tsuguna daga gefe, ta kwance bakin mayafinta. Wayar na cikin wani ƙyalle, ƙyallen kuma cikin wani.

Telan ya leƙo. Da ma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, ba ya barin ko ɗaya ya wuce.

"A'a, yau ga baiwata ta zo gaishe ni. Ke me ya haɗa ki da waya? Ko shanun ne suka fara kira?"

"Su ne," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "Sun ce in tambayi Babarbare yaushe zai iya ɗinka wando ƙafa biyu su zo daidai."

Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Na karɓi wayar. Ƙarama ce mai madannai, baƙa da jan baki, da babbar tocila a ka, irin waɗanda ake sayowa daga tsallaken iyaka. Na kunna, ta kawo haske ta tsaya. Na cire batir na mayar, haka. Na duba, babu memori a ciki. Wani abu da na lura da shi a lokacin, ban kuwa gane ma'anarsa ba, shi ne madannan lambobi duk sababbi ne fes, amma na tsakiya da na ƙasa sun koɗe har sun yi fari.

Na ce, "Inna, ƙwaƙwalwarta ce ta rikice. Sai an wanke ta an zuba sabo. Amma duk abin da ke ciki zai tafi. Akwai abin da kike so a ciki?"

"Babu komai, ɗan nan."

"Lambobin mutane fa?"

"Ni ba na kiran kowa. Kirana ake yi."

"Hoto, ko karatu, ko wata waƙa?"

Ta ɗaga ido ta dubi mazan da ke kan benci, ta dubi telan, ta mayar da kai ƙasa. Ta ce, "Babu."

Ina so in san inda aka sayo wayar don in nemi fayil ɗin da ya dace, sai na tambaye ta wa ya saya mata.

"Wani ne."

"Wani!" in ji telan. "Jama'a kun ji, tsohuwa ta yi saurayi. Ki faɗi sunansa mu je mu gaishe shi."

Mazan suka fashe da dariya. Wannan karon ba ta rama ba. Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Na ɗauka kunyar wasan ce.

Na sake maimaita mata cewa komai zai goge, na kira telan ya zama shaida, ta ce ta yarda. Na buɗe bayan wayar na duba lambobin da ke jikin allonta, na gwada su da fayilolin da nake da su har na samu wanda ya yi daidai. Sannan na fara kwafo abin da ke ciki. Zaren ya yi ta jan jiki a hankali. Telan ya ce, "Ka ji mai wankan gawa ya fara. Ta ce maka babu komai, me kake kwasa? Iska?" Ban kula shi ba. Hadari na haɗuwa ta gabas, ni kuwa batirin kwamfutata ya daɗe da lalacewa, da wuta kaɗai take aiki, don haka idona ɗaya na kan zaren, ɗaya na kan ƙwan fitila. Kwafin ya ƙare. Na yi bisimilla na danna na sharewa, na danna na zubawa. Ban zauna ba sai da zaren ya kai ƙarshe.

Wayar ta tashi da ɗan kiɗanta. Na ji daɗi ƙwarai, na miƙa mata da hannu biyu.

Abin da ta yi shi ne har yau nake gani. Ba ta dubi gilashin ba. Babban yatsanta ne ya tafi da kansa, ya danna tsakiya, ya danna ƙasa, ya sake danna tsakiya, ta kai wayar kunne. Ta saurara. Ta sauke, ta sake bin wannan hanya, ta mayar kunne. Sannan ta naɗe ta a ƙyallen farko, ta naɗe a na biyu, ta ƙulle a bakin mayafi.

Na ce, "Inna, lafiya? Ta tashi ko?"

"Ta tashi. Allah ya yi albarka."

Ta sallame ni, ta yi wa mazan sallama, ta tafi neman acaɓa kafin ruwa ya sauko.

Ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe, matata ma takan ce ko babu abin damuwa sai na ƙirƙiro. Na gaya wa telan hankalina bai kwanta da yadda ta kai wayar kunne ba. Ya ce tsofaffi haka suke gwada waya, in bar zancen. Na bari a baki, amma ban goge kwafin ba.

Bayan an fara girbin gero wata mata ta zo shagon da goyo a bayanta. Ta jira har bencin ya yi sauƙi, sannan ta matso ta ajiye wayar nan mai jan baki a kan teburina. Ta ce ita 'yar dattijuwar ce.

"Malam, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ce. Abin da aka wanke a waya, yana dawowa?"

Na ce mene ne a ciki.

Ta ce muryar yayanta ce, ɗan farin innarsu. Shi ya sayo wayar a wata kasuwa ta bayan Babura, da sefa, kuɗin tsallaken iyaka, shekarar da ya sayar da bijiminsa. Bai miƙa wa uwar da hannunsa ba, ita ƙanwar ya ba, ta kai mata, don a gidansu uwa da ɗan fari ba sa haɗa ido su yi hira. Tun da aka haife shi uwar ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce wancan, ko wani. A ɗakin kakarsa ya tashi. Ranar da ya kawo wayar yana gwada ta a bakin garke, ya ɗauki muryarsa yana nuna wa ƙanwar yadda ake yi. Uwar na can gefe tana tatsa, kamar ba ta gani. Da rani ya tafi mashekari da shanu can kudu, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a can, aka binne shi a can. Ko kabarinsa ba su sani ba.

"Da aka kawo labari ba ta yi kuka a gaban mutane ba," in ji ta. "Mata suna ta cewa ta iya kunya. Ni ma ban san ta lura da yadda ake kunna abin ba. Sai wata rana na zagaya bayan bukka na same ta da wayar a kunne. Na koma da baya ban bari ta gan ni ba. Tun daga ranar na gane kullum sai ta je."

Na tambaye ta me ya ce a ciki. Ta ce ba wani abu ba ne. Ya yi sallama, ya tambaya ko wayar tana ɗauka, ya yi dariya, ya kira wata saniya da sunanta, saniyar ta amsa. Sai ya ce wa ƙanwar ta daina dariya tana ɓata masa. Shi ke nan.

Na ce, "Amma na tambaye ta. Wallahi na tambaye ta, har na maimaita."

"Na sani, Malam. Ta gaya min ka tambaya. To a gaban maza, ta ce me? Ta ce muryar ɗanta take saurara? Ko ni da ta haifa ba ta faɗa min ba. Cewa kawai ta yi wayar ta dawo ba kowa a ciki."

Telan yana jin mu ta ƙofa. Keken ɗinkinsa ya tsaya.

Da na gaya mata ina da kwafi, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Na yi saurin ce mata kada ta sa rai da yawa, don ban taɓa buɗe irin wannan kwafi na ciro abu ɗaya daga ciki ba. Abin da na iya shi ne in mayar da shi gaba ɗaya. Ta ce in mayar. Na faɗa mata haɗarin, cewa wayar na iya mutuwa a hanya, ta ce ta ji. Na jira har aka kawo wuta mai ƙarfi, na roƙi maƙwabcinmu mai janareta ya tsaya kusa, na zuba tsohon rubutun. Ya shiga lafiya. Na kunna, wayar ta kawo haske ta tsaya cak, daidai yadda aka fara kawo ta. Na mayar da muryar, na kuma mayar da ciwon tare da ita. Tana ciki, in dai kwafin ya cika, amma ba ƙofar shiga. Dole na sake wanke wayar don dattijuwar ta samu abin da za a riƙa kiranta da shi. Sharewar nan ta biyu ta fi ta farko yi min nauyi, don yanzu na san abin da nake sharewa.

Daga nan na shiga nema. Na yi tunanin ko wata waya irinta za ta karɓi kwafin ta tashi. Na hau mota zuwa Babura, na bi masu sayar da tsofaffin wayoyi har na samu mai jiki iri ɗaya, baƙa da jan baki. Lambobin allonta sun ɗan bambanta. Na san ƙa'ida, amma tunda tawa ce na saya, na gwada. Zaren bai kai rabi ba ya tsaya, wayar ta mutu, ko haske ba ta sake kawowa ba. Na kai fayil ɗin Kano wajen maigidana. Ya buɗe shi da wata manhaja, muka ga lambobi da haruffa jere kamar tururuwa, shafi bayan shafi. Ya ce ya ji akwai masu iya tsamo murya daga cikin irin wannan, amma shi bai iya ba, bai kuma san inda suke ba. Ya ƙara da cewa tunda ƙwaƙwalwar a rikice take lokacin da na kwafa, ba mamaki wani ɓangare ya lalace. Wannan maganar tasa ta daɗe tana hana ni cin abinci da daɗi.

Na tambayi limaminmu ko akwai alhaki a kaina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce na tambaya, an amsa, na kuma kafa shaida, babu laifi. Ya ce ita ma ba ta yi ƙarya don cuta ba, tarbiyyarta ta bi. Na yarda da shi. Sai dai rashin laifi bai mayar mata da abin da take zagayawa bayan bukka dominsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na san wannan al'ada. Kakata ba ta taɓa kiran sunan babana ba har ta koma ga Allah. Da aka ce min "wani ne", ya kamata kunnena ya tsaya. Amma a shago kaina na wajen kebul da wuta da lambobin allo, kuma shaidar da na kafa don kare haƙƙin mutane ita ce ta rufe mata baki. Yanzu in dattijuwa ta kawo waya, nakan fara duba madannan da suka koɗe. Nakan tashi in zagaya da ita gefen shago inda ba maza, in tambaye ta a hankali ko akwai abin da take saurara. Ba na tambayar na wane ne.

Dattijuwar ta sake zuwa sau ɗaya, wata ranar kasuwa da bazara. Ba ta kawo gyara ba. Ta tsuguna a wurin da ta tsuguna da farko, muka gaisa. Telan ya fito ya gaishe ta da ladabi, har da rusunawa.

Ta dube shi ta ce, "Yau Babarbare ba lafiya? Ko an ɗinke bakin ne?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Lafiya lau, Inna," ya koma ciki.

Ta ɗan jima tana kallon teburina. Ban san abin da 'yarta ta gaya mata ba, ban kuma tambaya ba. Can ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Ɗan nan, abin naka yana nan lafiya?"

Na ce, "Yana nan, Inna. Duk abin da ke ciki yana nan."

"To. Damina ta kusa. Ka riƙa rufe shi, kada ruwa ya taɓa."

Na ce in sha Allahu. Ta tashi ta tafi. Ran nan na sayi leda mai kauri, na kuma kwafe fayil ɗin a memori na kai gida na sa a akwatin matata.

Ga dalilin da ya sa na rubuta duk wannan. Dattijuwar tana ƙara tsufa, 'yarta ta ce idonta ya fara rauni, amma kunnenta garau yake. Ina roƙon duk wanda ya karanta, in ya san yadda ake tsamo murya daga kwafin ƙwaƙwalwar ƙaramar waya mai madannai, ko ya san wanda ya iya, a Kano ne ko Katsina ko tsallaken iyaka, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Haka kuma mutanen Babura da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, in akwai mai irin wannan waya, baƙa da jan baki da babbar tocila a ka, wadda ta zo da Faransanci tun daga kwali, ko ta lalace ina so in duba lambobin allonta. Wanda kuma ya san cewa abin ba ya yiwuwa sam, shi ma ya faɗa min gaskiya da dalilinsa, don in san amsar da zan ba ta in ta sake zuwa ta tambaye ni ko abin nawa yana nan lafiya.